Guzurin Alhaji: Abin Da Za A Ci, Da Yadda Za A Raba Kuɗi

A makon jiya mun yi magana a kan alluran da ake yi wa maniyyaci kafin ya tashi, watau ta sanƙarau da ta shawara, da kuma ɗigon shan inna. Yau kuwa maganar ciki za mu yi. Wanda ya sami wannan takarda a disfensare, in ya iya karatu, ya taimaka ya karanta wa tsofaffin da ke zaune kusa da shi, don yawancin maganar tasu ce.

Shekarata ashirin da 'yan kai ina aikin lafiya a ƙasar nan tamu. Ko wace shekara, in an dawo daga aikin Hajji, sai in ga alhazai suna shigowa ɗakin magani, daga Damaga da ƙauyukan Maradun, wasu daga Bakura, wasu daga Talata Mafara. Ga hula sabuwa, ga tasbaha, wani ma har da haƙorin Makka, amma mutum ya rame, riga ta yi masa yawa. In na tambaya me ya faru, sai a ce da ni tari ne, ko a ce iskar can ce. Tari kam akwai shi. Amma in na zauna na bi maganar a hankali, sau da yawa sai in tarar abu uku ne suka kā da shi: bai ci ba, bai sha ba, ko kuwa ya ci abin da ya kwana.

Kakanninmu da suka tafi ta ƙasa sun san darajar guzuri. Sukan bi ta Barno, su ratsa ƙasar Cadi da Sudan, su haye Bahar Maliya cikin jirgin ruwa. Wasu sukan shekara biyu ko uku a hanya, suna tsayawa suna noma ko ƙodago. Mutum ba ya barin gida sai da garin gero da ƙanzo da kilishi da daƙuwa, ya kuma san ranar da ko wanne zai ƙare. Yanzu alhajin Zamfara yakan hau jirgin sama, shekaru da yawa daga Sakkwato aka riƙa tashi, sa'o'i kaɗan ya sauka Madina ko Jidda. Da tafiya ta yi sauƙi sai mutane suka daina lissafi. Mutum ya biya kuɗin kujera, a 2025 sama da Naira miliyan takwas, sai ya ɗauka ai shi ke nan, an ɗauke masa ko wace ɗawainiya.

To, ku saurara ku ji yadda abin yake. Tun da aka kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006, ita da hukumomin jihohi su ke shirya masauki da mota da abinci. A cikin kuɗin kujera akwai kuɗin ciyarwa. Yadda aka saba a shekarun nan, a Madina da Makka sau biyu ake kawo abinci, na safe da na dare. A Mina da Arfa kuwa kamfanonin can su ke ciyarwa. Tsarin yakan canza, saboda haka a wurin bita lalle ku ɗaga hannu ku tambayi jami'in ƙaramar hukumarku: sau nawa za a ba mu, da ƙarfe nawa, wa zai karɓo wa ɗakinmu? Ba rashin kunya ba ne. Kuɗinku ne.

In sau biyu ne, ashe abincin rana daga aljihunka zai fito. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Bari mu yi lissafi tare. Malamin da ya koya mana lissafi a makarantar mishan yakan ce kada mu taɓa amsa tambaya da ka, sai mun rubuta a allo. To, ga allo. Kuɗin guzurin da aka ba ko wane alhaji a 2024 Dala 500 ne. Dala ɗaya Riyal uku ce da kashi uku cikin huɗu, watau duka Riyal 1,875. Yawancin mutanenmu Tamattu'i suke yi, akwai hadaya a kansu, kuɗinta kuwa a wannan shekara ya kai kamar Riyal 720. Wanda bai biya tun daga gida ba, in ya cire wannan, saura Riyal 1,155. Mu ƙaddara zai yi kwana 35 a can. Raba ka gani: Riyal 33 ke nan ko wace rana. A cikinsu za a ci abincin rana, a sayi katin waya, a hau mota in ƙafa ta gaza, a yi aski, a sayi sabulu. Tsaraba fa ba ta shigo ba tukuna.

Shawarata ita ce, ran da aka canza maka kuɗi, kafin ka ga kasuwa da idonka, ka ware na ciki. Mu ce Riyal 15 a rana, sau 35, Riyal 525. Ka ƙulle su dabam, a lalita dabam, ka ɗauka ba naka ba ne, na cikinka ne. Abin da ya rage shi ne za ka yi shawara da shi. Tsaraba kuma a bar ta sai an gama aiki, an sauko daga Mina. In mutum huɗu ko biyar na ɗaki ɗaya suka haɗa kuɗi suka sayo burodi da kindirmon roba da lemo da ayaba a kanti, ya fi arha bisa ga ko wa ya fita shi kaɗai.

Akwai wani dattijo manomi daga wajen Damaga, ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya zo wurina kwana biyar da dawowarsa, 'ya'yansa na riƙe da shi. Na gwada jininsa, na ɗora shi a sikeli, na duba katinsa na kafin tafiya, na ga ya zubar da nauyi mai yawa. Na ce, "Baba, me kake ci da rana a can?" Ya ce, "Malam, ai ruwan Zamzam ya ishi mumini." Na ce, "Da dare fa?" Ya ce shinkafar ba ta yi masa ba, ba ta zama a ciki, naman kaza kuma ba shi da haƙoran taunawa, sai ya ba yaran ɗakin. Na ce, "To, kuɗin guzurinka fa?" Sai ya yi murmushi, ya shiga lissafa mini: mata uku, ko wace da abaya da turare, surukai, darduma, jikoki goma sha ɗaya, ko wane da jallabiya ko agogo. Ko Riyal hamsin bai ci ba. Ranar jifa ta biyu ya faɗi a hanya, aka kwashe shi zuwa asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, wani ya yi masa jifa. Yana ba ni labari yana hawaye, don shekara goma sha biyu ya yi yana tara kuɗin nan da shinkafar da yake nomawa a fadamar Bakolori, ga shi ranar da ya fi so ya tsaya da ƙafarsa bai tsaya ba. Daminar nan ma bai iya riƙe fartanya ba.

Ina roƙon mata da 'ya'ya da ke saurare: kada ku rubuta wa tsoho doguwar takardar tsaraba. Ku gaya masa a gaban mutane cewa kun yafe, ya ci kuɗinsa. Kunyarku ce take hana shi cin abinci.

Ku tuna kuma aikin Hajji aikin ƙarfi ne. Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai, ya haura kilomita uku. Ga ɗawafi, ga tafiya daga masauki zuwa Harami, ga zuwa wurin jifa daga tantunan Mina a dawo, wanda ga alhazanmu tafiya ce mai nisa. Ba wanda zai tura ɗan ƙodago gona da shayi kofi ɗaya, ya ce ya wuni yana huɗa.

Yanzu sai maganar ruwa, wadda ta fi duka. Mu mutanen ƙasar nan mukan ce mun saba da rana, me za a nuna mana? A 2024, a kwanakin aikin Hajji, zafi a Makka ya haura digiri 51. Hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwa mutum fiye da 1,300 sun rasu, yawancinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba, suka yi ta tafiya cikin rana ba inuwa ba masauki. Bazararmu ba ta kai nan. Iskar can kuma busasshiya ce, gumi yakan bushe tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya yi ta zubar da ruwan jikinsa bai sani ba. Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. Saboda haka kada ku jira ƙishirwa. Gora ta kasance a hannu kullum, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a wuni an sha kamar lita uku ko fiye, sai fa mai ciwon zuciya ko na ƙoda, shi likita ne zai yanka masa adadi. Ruwa ba ya cin kuɗi sosai a can, Zamzam kyauta ne a Harami, ana kuma raba na roba sadaka.

Na san dalilin da ya sa mata musamman suke ƙin sha. Layin bayan gida ne a Mina, da gudun karyewar alwala. Inna, gara ki bi layi sau biyar da a ɗauke ki a gadon asibiti. Ga ma'auni mai sauƙi: ku duba fitsari. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya yi ja kamar shayi, ya kuma yi kaɗan, jiki ya bushe, a sha ruwa nan da nan. In ka ga ɗan'uwanka ya ruɗe, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, kai shi inuwa, kwara masa ruwa, yi masa fifita, a kira ma'aikatan lafiya. Wannan ba aljanu ba ne, rana ce, tana kuma kisa cikin sa'a kaɗan.

Ko wane maniyyaci ya tafi da ƙunshin gishiri da sukari irin wanda muke bayarwa a disfensare, kamar guda goma. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a haɗa: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri don a ce ya fi ƙarfi. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo.

Sai abu na uku, abincin da ya kwana. Mu an hore mu da cewa zubar da abinci zunubi ne, gaskiya ne kuwa. A gida tuwo ya kwana a yi ɗumame da safe, wuta ta ratsa shi. To, a tanti ba wuta. Wata hajiya ta ba ni labari da bakinta. Ran da suka isa Mina aka kawo shinkafa da kaza da rana, ta ci rabi, ta rufe saura ta tura ƙarƙashin jaka, don ta ji an ce wani lokaci motar abinci takan maƙale a cunkoso. Da asuba ta ci, ta sam ma maƙwabciyarta. Kafin su isa Arfa amai ya kama su, gudawa ta biyo baya. Ranar da ta ƙetare ƙasashe dominta, a layin bayan gida ta yi ta.

Ga abin da ya faru. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta, ido ba ya ganinsu, da irinsu ke cikin shinkafa tun tana ɗanya, dahuwa ba ta kashe shi. In shinkafa ta huce ta zauna cikin ɗumi, sai su farka su hayayyafa, su zuba dafi a ciki. Ba lalle ta yi wari ko yauƙi ba, hanci ba ya ganewa. Dafin nan ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Dokar ita ce: dafaffen abinci a ci shi da zafinsa. In ya wuce sa'a biyu a waje, a zafi irin na can ma sa'a ɗaya, a rabu da shi. In ya yi maka yawa, ba wani tun yana da zafi, ka sami lada. Abin da za a ɓoye don tsoron yunwa shi ne busasshe: dabino, biskit, gyaɗa, burodi, ƙuli-ƙuli, da 'ya'yan itace masu ɓawo.

A Makka za ku tarar da 'yan'uwanmu mazauna can suna sayar da tuwo da miyar kuka da fura a gefen titi. Ban ce kada ku saya ba. Na san yadda ran Bahaushe yake in ya yi mako biyu bai ga tuwo ba, kuma tsohon da ya ƙi shinkafa gara ya ci tuwon nan da ya zauna da yunwa. Amma ku sa ido. Wanda kuka ga yana tururi, a rufe, mai shi tana zubawa da ludayi, to. Wanda ya wuni a leda cikin rana, da fura da aka dama da ruwan da ba ku san asalinsa ba, ku wuce. Ku wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga bayan gida. Mu da muka sha ganin amai da gudawa a garuruwanmu da damina ba sai an yi mana dogon bayani ba. Nonon raƙumi ɗanye kuma, wanda akan kai masu ziyara su saya a bayan gari, ku bar shi. Tun 2012 aka gano wata cutar numfashi mai tsanani a ƙasar da ake ɗauka daga raƙuma, ban da zazzaɓin da ɗanyen nono ke kawowa.

Kada kuma wani ya ce zai tafi da risho ko tukunyar gas ya yi girkinsa a tanti. A 1997 gobara ta tashi a Mina, ta cinye tantuna dubbai, mutum fiye da 300 suka rasu. Bayan nan ne aka kafa tantunan da ba sa kamawa da wuta, aka kuma hana girki a cikinsu.

Me za a ɗauka daga gida? Abin da ruwan zafi kaɗai zai gyara. Garin kunu na gero ko na gyaɗa shi ne sarki, musamman ga wanda haƙoransa suka zube. Sai yaji, don yawancin abin da ke hana mutanenmu cin abincin can rashin ɗanɗanon gida ne. Ɗan yaji kaɗan yakan sa a cinye kwano. Sai busasshen zogale da ƙuli-ƙuli da garin rogo. Zogalen nan yana da amfani, don burodi da farar shinkafa kullum sukan ɗaure ciki, mutum ya yi kwana huɗu bai zaga ba. Amma kafin ku ɗaure kaya ku tambayi jami'ai abin da aka yarda da shi a shekarar, ku zuba a leda mai haske, a rubuta suna. Goro an hana shiga da shi Saudiyya, an sha kama mutane a kansa. Mai cin goro ya fara ragewa tun wata guda kafin tashi, in ba haka ba ciwon kai zai dame shi a makon farko. Shayi yakan rage masa. Kada kuma ka karɓi ƙullin kowa ka sa a jakarka, ko an ce maka kuka ce, ko ɗan'uwanka ne.

Saura masu ciwon da ke tafiya da abinci. Mai ciwon sukari shi na fi ji wa tsoro. Ya sha magani ko ya yi allura da safe, abinci ya makara, ya kama tafiya, sai sukarin jininsa ya faɗi. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, yunwa mai tsanani, ruɗewa. Dabino uku ko ruwan sukari su ke tashe shi, saboda haka kada su rabu da jakar wuyansa, abokan ɗakinsa kuma su san halinsa tun ranar farko. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a nemi likita. A ɗaya gefen kuma, can ana raba lemon kwalba da dabino da alewa sadaka ko ina. Ba duk abin da aka miƙo maka za ka sha ba. Mai allurar insulin ya nemi 'yar jakar sanyi, don zafi yana kashe ta. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ƙafarsa za ta ƙone bai ji ba.

Mai hawan jini ya rage gishiri da dunƙulen miya da abincin gwangwani, ya kuma gaya wa likita in maganinsa mai sa fitsari ne, don a zafin can yana iya busar da shi. Mai gyambon ciki kada ya bar cikinsa wayam, yaji kuwa ba nasa ba ne. Dukanku ku tafi da maganin da zai kai kwana hamsin, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, rabi a jakar hannu, don babbar jaka takan yi ɓatan kai. Kada ku ɓoye ciwo ranar gwaji don tsoron a hana ku kujera. Mun fi so mu sani mu shirya ku.

Akwai waɗanda ba su da halin hadaya, sukan yi azumi a madadinta, uku a can, bakwai in an dawo. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da ke nawa shi ne, mai ciwon sukari ko ƙoda ko gyambon ciki kada ya ɗauki azumi a wannan zafi sai ya ga likitan tawaga, ya kuma gaya wa malaminsa abin da likita ya ce.

Guzuri kuma biyu ne, na mai tafiya da na waɗanda ya bari. A 2024 da 2025 aikin Hajji ya faɗo ne a watan Yuni, daidai lokacin shuka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwar Mafara, ga shi kuma gonaki da yawa a ƙasar Maradun ba su nomu ba saboda rashin zaman lafiya. Na auna yara a disfensare waɗanda hannunsu ya shiga ja a ma'auni, uban kuwa yana Makka, ya sayar da dame na ƙarshe ya cika kuɗin kujera. Kafin ka tashi ka auna wa gida hatsin wata biyu, ka bar kuɗin cefane da na magani a hannun uwargida, ka ware iri dabam don kada a ci shi.

Lokacinmu ya cika. Wanda ke da tambaya ya zo disfensare ranar awo, ya zo da katinsa da magungunan da yake sha, mu duba tare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tarin da alhazai ke dawowa da shi, da lokacin da ya kamata a kawo mai shi a gwada majinarsa. A kwana lafiya.